Ranar da Tunau Ya Buɗe Baki

A zamanin da, tun kafin a ja ganuwar yawancin garuruwan da muke gani yau, akwai wani daji tsakanin ƙasar arewa da kogunan kudu wanda fatake suke kira Shanye-Gora. Sunan ba na ado ba ne. Duk wanda ya shige shi da rani, komai girman goransa, sai ya ga ƙarshen ruwansa kafin ya ga ƙarshen dajin. Fako ne ja, sai sabara da ƙaya, sai tsirarun itatuwan aduwa marasa inuwar kirki. Ayari kan shiga da waƙa, ya fita ana kora jakunan mutanen da suka kwanta a hanya.

Mutum guda ne yake zaune a cikinsa, wani maharbi mai suna Tunau. Maroƙan baya sun yi masa kirari da cewa: Tunau mai bakin ƙulle, inuwar da ba ta motsa ganye, wanda barewa ke gani bayan ta faɗi. An ce yakan kwanta a gefen garken gada har ƙuda su saba da shi. An ce iska kan juya masa idan ya lashi yatsa ya ɗaga. Amma ba shi da mata, ba shi da maƙwabci, kuma yakan yi wata da watanni bai ji muryarsa da kunnensa ba.

Harbi gadonsa ne, kuma gadon ya zo da sharaɗi. Ranar da ubansa ya miƙa masa baka, sai da ya sa shi ya dafa tsirkiya ya yi rantsuwar gidansu: duk abin da ka fita nema, kada ka ambaci sunansa sai ya kwanta a gabanka. Wanda ya ambata, abin zai ji ya gudu, dawa kuma za ta rufe masa ƙofa har ya mutu. Maharban gidansu ba sa cewa za su harbo gwanki. Sai dai a ga sun fita, a ga sun dawo.

Abin da kowa bai sani ba shi ne, ba nama ne ya zaunar da Tunau a Shanye-Gora ba. Yana saurayi, mahaifiyarsa ta bi ayari za ta ganin danginta a kudu, ruwa ya ƙare musu a tsakiyar dajin. Da labari ya iso ya bi sawu, ya same ta a gindin aduwa, ta haƙa ƙasa da hannunta har farcenta ya fita. Ya binne ta a nan. Daga ranar nan ya sa wa ransa cewa sai ya samo ruwa a wannan fako, ruwan da ba ya ƙafewa. Kuma da yake shi maharbi ne, bai san wata hanyar neman abu ba sai ta maharba. Ya ɗauki ruwan nan a matsayin naman da ya fita nema, ya ja bakinsa ya yi gum.

Shekaru suka shuɗe yana bin sawun zuma da kurciya, yana tona gindin suri, ba labari. Sai wata rana da hantsi ya bi wani tsohon gwanki har kan wani tudu na jar marmara, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Ya ɗana kibiya ke nan sai dabbar ta durƙusa, ta kafa bakinta a busasshiyar ƙasa kamar mai sha a tafki. Da ta ɗago, ruwa na ɗiga daga gemunta. Tunau ya sauke bakansa. Bayan ta wuce ya je ya shafa wurin, ya ji shi busasshe ƙamas, sai dai akwai wani sanyi da ya ratsa tafin hannunsa har kafaɗa. A nan ya kafa dagi, ya fara haƙa shi kaɗai.

Bai yi nisa ba aka yi wata muguwar shekara a arewa. Rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka watse. Wata ƙungiya ta masu gudun yunwa, gidaje daga ƙauyuka dabam-dabam da hanya ta haɗa, ta faɗo Shanye-Gora ba ta san halinsa ba. Tunau ya tarar da su zube a inuwar ƙaya, harsuna sun kumbura. Bai tambaye su komai ba. Ya yafito su da hannu, ya kai su wani kwarmin dutse da yake riƙe ruwan damina, wanda shi kaɗai ya san da shi. Kafin rana ta faɗi ya dire musu barewa biyu.

Manyan tafiyar su uku ne. Akwai Arzika maƙeri, wanda ya bar komai amma ya goyo zugazuginsa da masabarsa. Akwai Nomau, manomi mai baki kamar reza, wanda ko a bakin kabari sai ya sami abin ba'a. Sai wata tsohuwa, Inna Hakama, da ta binne 'ya'yanta a hanya, ta rage ita da sandarta.

Da suka farfaɗo, Arzika ya zo ya durƙusa gabansa ya ce, "Mai baka, ka saye mu da ranmu. Me za mu yi maka?"

Ga hannuwa Allah ya kawo wa Tunau har gida. Ya kai su kan tudun, ya nuna ramin da ya fara, ya ce, "Ku haƙa nan."

Suka haƙa, don ba a musu da wanda ya ba ka ruwa. Tunau ya fi kowa aiki. Kafin gari ya waye ya shiga dawa ya dawo da nama, sannan ya karɓi dagi ya sauka rami, ba ya fitowa sai hannunsa ya fashe. Idan yana son a ja kwando sai ya girgiza igiya, idan yana son a sauya hannu sai ya yi fito irin na fakara. A ganinsa ya yi duk abin da ake nema ga mai jan mutane: ya ciyar da su, ya riga su wahala, bai taɓa ɗaga musu murya ba. To, a nan fa kuskuren yake. Ya ba su naman jikinsa, ya hana su abin da ke ransa.

Nomau ne ya fara. Wata rana ya leƙa ramin ya ce, "Wai mai baka, giwar da za ta faɗa nan, daga sama za ta sauko? Ko kuwa kabarinmu ne ka ce a yi shi guda ɗaya, don kada a wahalar da kai?"

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Arzika ya ce, "Bar wasa, Nomau. Mai baka, idan rijiya ce ka faɗa mana. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an nemi ruwa a kan tudun marmara ba, amma kai ka san dajinka. Rijiya ce?"

Idan Tunau ya ce i, ya ambata. Idan ya ce a'a, ya yi ƙarya. Sai ya sunkuya ya ci gaba da sarar ƙasa.

Shirun nan ya yi ɓarnar da ƙarya ba za ta yi ba. Inda aka bar wa mutane gurbi, su suke cike shi da abin da suke tsoro. Aka fara raɗa cewa maharban irin wannan daji suna da alkawari da mutanen ɓoye, cewa naman da yake kawowa kiwo ne yake yi, ramin kuma na wanda za a miƙa ne. Ga shi ruwan kwarmin dutse kullum ja da baya yake, kuma kowa na gani da idonsa cewa mai haƙa yana shan rabon mutum uku. Masu zuwa tudu suka fara raguwa. Yau wannan bayansa na ciwo, gobe wancan matarsa ta hana. Wata safiya Tunau ya dawo daga dawa da gada a kafaɗa, ya tarar da kwando a kife, igiya a yashe, ba kowa.

Ya ci gaba shi kaɗai, kamar da. Amma yanzu ramin ya fi tsayin mutum uku, kuma rami mai zurfi ba aikin mutum guda ba ne. Sai ya cika kwando, ya hau ta matakan da ya sassaƙa a bango, ya ja kwandon, ya zubar, ya sake sauka. Rana kan faɗi bai ƙara ko taƙi guda ba. A can ƙasa ba ya ganin komai sai ɗan da'irar sama, wani lokaci shirwa ta gitta. A da kaɗaici bai dame shi ba, don bai san wani abu ba bayansa. Yanzu da ya saba da jin tarin mutum a bakin rami, sai shirun ya zame masa nauyi a ƙirji.

Wata rana da la'asar ya hauro sai ya ga Inna Hakama zaune a kan tulin ƙasa, ta dogara da sandarta.

Ta ce, "Sannu, ɗan nan. Gobe da sassafe za su tashi. Sun ce gara su cika goruna da abin da ya rage su nufi kudu."

Ya ce, "Inna, ba za su kai ba. Abin da ke gaba ya fi wanda suka baro."

"Ni ma haka jikina ya ba ni. Shi ya sa na ce su bar ni a nan, ban ga dalilin kai gawata nesa ba." Ta dube shi. "Kai ka san ba za su kai ba, kuma ka san abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan. Me ya hana ka magana?"

Ya dubi tsirkiyar bakansa ya ce, "Akwai rantsuwa a kaina. Ba na faɗin abin da na fita nema. In na faɗa, zai gudu, dawa kuma ta rufe mini."

Tsohuwa ta girgiza kai. "Rantsuwar mai tafiya shi kaɗai ce wannan. Wanda ya ɗora maka ita bai san wata rana za ka nemi abin da ya fi hannu biyu ba. Mutanen nan ba raggwaye ba ne, ka ga yadda Arzika yake sara. Amma mutum ba jaki ba ne da za a ɗora masa kaya bai san kasuwar da za a ba. Ka ciyar da mu, mun gode. Ba ka taɓa tambayar ko ɗayanmu abin da ya baro ko abin da yake fata ba. Mu ma ba mu san kai wane ne ba." Ta yunƙura ta miƙe. "Ni dai na faɗi nawa."

Tunau ya zauna a bakin ramin har inuwa ta miƙe. Ba ya da komai a duniya sai dawa. Ita ce gonarsa, ita ce danginsa, ita kaɗai ta san shi. In ya yi shiru, zai riƙe ta, kuma nan da 'yan kwanaki zai bi sawun mutanen nan ya riƙa tsintar su a gindin aduwa ɗaya bayan ɗaya. In ya yi magana, wataƙila ruwan ma ya gudu, ya tashi ba dawa ba rijiya.

Da gari ya waye, an ɗaure kaya, an goya yara, sai suka gan shi tsaye a kan hanya ba kwari a kafaɗarsa. Muryarsa ta fito a dishe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya ce, "Ruwa nake nema. Rijiya ce."

Masu ba da tarihi sun ce yana rufe baki duk tsuntsayen da ke kewayen suka tashi lokaci guda suka yi gabas, dajin ya yi tsit har ana jin numfashin jarirai. Tunau ya ji abin a jikinsa, kamar an zare masa wata jijiya. Amma tunda ya fara sai ya ci gaba. Ya gaya musu labarin mahaifiyarsa da farcenta. Ya gaya musu na gwankin da ya sha a busasshiyar ƙasa. Ya gaya musu rantsuwar da ya karya yanzu a gabansu, da abin da za ta ci masa. Ya ce, "Ban yi muku alkawarin za a samu ba. Ni dai ba na so wani ya sake mutuwa a dajin nan yana tonon ƙasa da hannu. Iyakar abin da nake so ke nan, kuma ni kaɗai na kasa."

Sai Nomau ya sauke ƙunshinsa ya ce, "Kai, mai baka! Ashe kana da harshe? Mu muna can muna rabon wanda za a fara jefawa, har na ba da sunan surukina."

Wasu suka yi dariya, wasu suna share hawaye. Arzika bai yi dariya ba. Ya ce, "Da ka faɗa tun farko, da ban bar ka kana dukan marmara da wannan dagin na tonon gafiya ba. Dutse ƙarfe yake so. Ina da wuta, ba ni da ƙarfe."

Tunau ya koma bukkarsa ya ɗauko kwarinsa da mashinsa. Ya zazzage kibiyoyin kakanninsa a gaban maƙeri. "Ga ƙarfe."

Aka ɗunguma zuwa tudu. Igiyar tana nan a ƙasa inda aka yar da ita. Tunau ya kai hannu zai ɗauka kamar yadda ya saba, sai Inna Hakama ta tare shi da sanda. Ta ce, "Bar ta. Ka faɗi naka, ka ji namu." Ta sunkuya da ƙyar ta kama bakin igiyar. "Ni ina so a binne ni inda za a riƙa wucewa ana gaisawa." Wata mata ta kama bayanta, ta ce ita tana so yaranta su san wurin da za su kira gida. Nomau ya ce shi ya ga wata fadama a yamma da tudun, in dai akwai abin sha da rani, zai nuna musu yadda ake noman dawa. Haka igiya ta yi ta shiga hannu, kowa da abin da ya sa ya kama. Tunau yana tsaye yana ji, mamaki ya cika shi. Shi rijiya ce kawai a ransa, wurin da matafiyi zai sha ya wuce. Su kuwa gari suke gani.

Ba duka suka tsaya ba. Gidaje biyu suka ce sun gaji da jin labari, suka ɗauki rabonsu na ruwa suka yi kudu. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba, kuma an ce har Tunau ya tsufa yakan ce da ya yi magana da wuri da suna nan.

Aiki ya sauya kama. Arzika ya narka kibiyoyi ya ƙera manyan dagi masu cin dutse. Aka daina haƙa da tsakar rana don a rage sha. Mata suka karɓi rabon ruwa a hannunsu, ba wanda ya isa ya ƙara ko kurɓi. Shi kuma Tunau ya koyi abin da bai taɓa yi ba: kowace safiya sai ya tsaya a bakin rami ya faɗi inda aka kai, da abin da yake tsoro, ya tambayi shawara. Wani lokaci a bi tasa, wani lokaci a ƙi.

Amma rantsuwa ta karɓi hakkinta. Ya shiga dawa da 'yan kibiyoyin da ya rage, bai ga ko zomo ba. Sawu ya daina yi masa magana. Iska takan kai warinsa gaba duk inda ya juya, ganye na ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa kamar na kowa. Ya dawo hannu wofi sau ɗaya, sau biyu, har ya daina fita. Wanda ya ciyar da jama'a ya koma ana miƙo masa 'ya'yan aduwa da naman tarkon da Nomau ya ɗana. Ga rami kuma yana ta zurfi a bushe. Ba wanda ya furta, amma ya san abin da ke zuciyar kowa, don shi ne a tasa: ko ruwan ya ji sunansa ya gudu?

Kwarmin dutse ya koma laka, ana tace ta da zane. A ranar da aka kankare ta ƙarshe, Nomau ne a ƙasa, Tunau yana cikin masu jan igiya, ɗaya daga cikin layi. Sai suka ji dukan dagi ya tsaya. Sannan muryar Nomau ta taso daga can ƙasa:

"Ku gaya wa mai baka, giwarsa ta faɗa! Ku jawo ni kafin ta shanye ni!"

Kwandon da ya hauro yana zuba. Aka miƙa wa Tunau ƙoƙon farko. Ya karɓa, ya juya ya fuskanci inda aduwar mahaifiyarsa take, ya tsiyaye shi a ƙasa, sannan ya zauna ya rufe fuskarsa.

A nan aka kafa garin da ake kira Rijiyar Tunau. Shi suka zaɓa ya riƙe su, ya kuwa riƙe su da kyau har gashinsa ya yi fari. A zamaninsa aka ja ganuwa, aka buɗe kasuwa, ayari ya riƙa ratsa Shanye-Gora ba a binne kowa. Inna Hakama ta sami abin da ta roƙa, kabarinta yana kan hanyar rijiya. Sai dai Tunau bai sake harbin komai ba. An ce da yamma, in an gama shari'a da rabon aiki, yakan fita ƙofar gabas shi kaɗai ya zauna yana kallon dawa, kamar mai kallon gidan da aka kore shi. Mutanen gari sun san abin da ya biya dominsu, don haka ba mai zuwa ya dame shi.

Rijiyar tana nan, ba ta taɓa ƙafewa ba. Kuma har yau akwai al'adar da mutanen garin suke kira furuci. Duk wanda zai ja jama'a, ko sarauta ce, ko gayyar gyaran hanya, ko shugabancin samari, sai ya zo bakin rijiyar da hantsi. Za a shimfiɗa igiyar guga a ƙasa. Zai faɗi abin da yake nema, da abin da ya sa shi kansa yake nemansa, ba tare da ya taɓa igiyar ba. In maganarsa ta shiga, wani zai fito ya kama, ya faɗi nasa dalilin, wani ya bi, har a jawo ruwa a ba shi ya sha. In kuwa ba ta shiga ba, ba a zaginsa, ba a yi masa dariya. Ana barinsa ne a tsaye shi da igiyar, har ya gane da kansa ya koma gida.